Gyaran Hilux Don Kwanan Daji Da Iyali Da Farauta: Da Me Za A Fara?

Wani Alhaji daga Aboabo, a nan Kumasi, ya aiko da tambaya. Yana da Hilux mai ƙofa huɗu, ta dizal, ta hannu ya saya. Yana so in an yi hutun makaranta ya kwashi Hajiya da yara huɗu su tafi gandun namun daji na Mole su kwana biyu, in rani ya kama kuma shi da abokansa su bi ta Ejura da Atebubu farauta. Shirinsa shi ne a ɗora rumfar ƙarfe a kan bokiti, a sa benci biyu a ciki, a ɗaga motar sama, a ɗaura babban bamba da winci a gaba, a ɗora tanti a kan rufi. Yana tambaya da wanne zai fara, kuma wajen wa zai kai ta a Magazin, unguwar makanikai ta Suwame.

Alhaji, Allah ya sa albarka a motar, ya tsare hanya. Masu walda a Suwame ba sa ƙarewa, kuma duk wanda ka tunkara da wannan jerin aikin zai ce maka "kawo ta gobe". Ni dai da za ka ji tawa, kada wutar walda ta taɓa motar nan sai ka zauna da biro da takarda ka yi lissafin nauyi. Kusan duk motar da ake jawo mana daga daji a lalace, in ka bi sawun abin, lodi ne ya kashe ta, kuma yawancin lodin ƙarfen ado ne da mai ita ya biya kuɗi aka ɗaura mata.

Buɗe ƙofar direba ko bonet ka nemi ɗan farantin da kamfani ya lika. A jikinsa akwai iyakar nauyin da aka yarda motar ta kai da duk abin da ke cikinta. Ka cire nauyin motar kanta, abin da ya rage shi ne rabonka. Ga Hilux mai ƙofa huɗu yakan kama kusan tan ɗaya, wani lokacin ƙasa da haka. Mutane suna jin "tan ɗaya" sai su ɗauka buhunan da za a jibga a bokiti ake nufi. A'a, har da kai, da Hajiya, da yara, da duk wani ƙarfe da aka ƙara bayan ta baro kamfani.

To mu ƙiyasta. Mutum biyar a gaba, ka sa kilo 300. Rumfar ƙarfe irin wadda ake bugawa a nan da faif mai kauri, kilo 140 ba abin mamaki ba ne. Bamba da winci, 90. Tantin kan rufi, 60. Galan Kufuor huɗu masu lita 25, ruwa kaɗai kilo 100 ke nan, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce. Jarkar dizal biyu, 40. Batir na biyu, 30. Firji da abin da ke cikinsa, 40. Safaya ta biyu, 30. Durowar katako, 70. Jak da sifanu da igiya, 30. Tukwane, shinkafa, gari, tukunyar gas, tabarmi da katifu, 80. Ka tara ka gani: ka haye tan ɗaya, alhali ba a sa jakar kayan Hajiya ba tukuna. Wanda kuma tasa Tacoma ce ta Amurka, ya ƙara taka tsantsan, domin rabonta bai kai na Hilux ba ko kusa, duk da girman ƙirjinta.

Yawan nauyin ma da sauƙi a kan inda aka aje shi. Bokitin mota mai ƙofa huɗu gajere ne, wajen mita ɗaya da rabi, kuma tayoyin baya suna can kusa da gabansa. Ma'ana mafi yawan filin da kake gani yana bayan aksul ne, yana reto. Ɗauki galan cike da ruwa ka rungume shi a ƙirji, sannan ka miƙe hannu ka riƙe shi nesa da jiki, za ka ji bambancin a kafaɗarka. Haka shasi yake ji. Motar da aka rataya wa safaya biyu da jarkoki a ƙofar baya, in ta faɗa kwari da gudu a kan burji, shasin yakan lanƙwashe daidai tsakanin kai da bokiti. Alamarsa ba ta ɓuya: ka tsaya a gefe, sai ka ga 'yar tazarar nan da ke tsakanin kan mota da bokiti ta buɗe daga sama har tafin hannu yana shiga, daga ƙasa kuma ta matse, wutsiyar motar ta sunkuya. Ana iya miƙar da shi a ɗaure, amma motar ba ta komawa yadda take. Saboda haka ruwa, batir da akwatin kayan aiki su zauna can ciki, jingine da bayan kujerun yara, a ƙasa. Katifu da tabarmi da gidan sauro su ne na bakin ƙofa da na sama.

Sai maganar benci, kuma a nan ba zan sassauta ba. Ku shida ne, kujerun motar biyar. Kada ka sa yaro a bokiti daga Kumasi zuwa Damongo. Babu bel, babu abin da zai tare shi in an taka birkin gaggawa a gangaren Kintampo, kuma rumfar da aka buga a Magazin ba a yi ta don ta ɗauki nauyin mota in ta kife ba. Akwai kuma abin da ba a gani. Mota in tana tafiya, iskar bayanta juyowa take yi, tana tsotso hayaƙin salansa ta kafofin ƙofar bokiti zuwa cikin rumfa. Gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi. Yaro zai fara da ciwon kai da jin barci, ku kuwa a gaba ku ce gajiyar hanya ce. Bayan haka inshorarka a kan adadin kujerun da ke takarda aka yanka ta, kuma duk canjin da ya taɓa siffar mota ko yawan mutanen da take ɗauka sai an kai DVLA, hukumar rajistar motoci, sun duba sun rubuta. Mafita ba ta da daɗi amma ita ce: ko a yi tafiyar da mota biyu, ko babban cikin yaran ya bi bas ku haɗu a Damongo, ko a yi rabon tafiya.

Kafin ado, a duba lafiyarta. Motar hannu ce, ba ka san abin da ta sha ba. A wanke lagireto, a canza tiyoyinsa in sun yi laushi ko sun kumbura, domin zafin arewa a Maris da Afrilu yakan taɓa digiri 40, ga lodi, ga esi a kunne. In injinka 2KD ne ko 1KD, bel ɗin tayimin ake canzawa a kilomita 150,000. Tunda ba ka san ranar da aka canza na ƙarshe ba, canza shi ka huta. Sababbin, masu 2GD da 1GD, sarƙa ce da su. A duba kuloci, birki, bushin, bodin ƙafa da robobin shaf na gaba. Waɗannan injinan na zamani ba sa yafe dizal mai datti ko mai ruwa, kuma kuɗin nozil huɗu ya fi na rumfar da kake son bugawa. Ka sa a ƙara maka filtar mai ta biyu mai raba ruwa, ka riƙa shan mai a gidajen man da manyan motoci ke yawan tsayawa a Techiman ko Kintampo, ka guji na galan a bakin hanya. Tsohon injin 5L ya fi haƙuri da wannan, sai dai ba shi da ƙarfin hawa da lodi.

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, sa shi a taya. Tayar da aka rubuta LT ko C a jikinta, mai kaurin gefe, mai zanen da ke cin kwalta da burji duka. Mai manyan haƙoran nan ta laka kyan gani gare ta, amma daga nan har Larabanga kwalta ce, ta Techiman, Kintampo, Buipe, ka karya a mararrabar Fufulso. Za ta yi ta yi maka kuka, ta cinye da wuri, ta kuma yi santsi in an yi ruwa. Ka tsaya a girman da kamfani ya sa, ko wanda kowane folkanaiza a Atebubu zai iya samo maka. Wajen tayar hom-yus kuma a buɗe ido: a gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018, komai kyan haƙoranta robar ta tsufa. Ka sayi famfon iska mai aiki da batir da kayan toshe huji. A kan gargada ko yashi, rage iska kaɗan yana sa motar ta lafa, kayan ciki su daina tsalle. Da ka hau kwalta ka mayar.

Ɗaga mota kuwa, kada ya wuce santimita biyar. Ƙafar gaban Hilux ta zamani kowace da shaf ɗinta, in aka ɗaga da yawa sai shaf ya karkace, robarsa ta yage, giris ya fita, ƙasa ta shiga. Abin da kake bukata a zahiri shi ne shokozoba masu kyau da sifirin baya da ya dace da nauyin da zai zauna a motar kullum. Ƙara ganye biyu uku a sifirin, kamar yadda ake yi wa motocin doya, yana hana ta zama, amma ba ya ƙara wa shasi ko birki ko aksul ƙarfi, kuma ranar da ba lodi Hajiya za ta ji kowane rami a bayanta. Wani abu da masu sabon shiga ke mantawa: giyar 4H, mai sa tayoyi huɗu su ja tare, ba ta kwalta ba ce. A busasshiyar kwalta tana ɗaure shaf, ta ci taya, ta iya fasa giya. A sa ta in an sauka burji, a cire in an hau.

Bamban ƙarfe na gida, ni ban ba da shawararsa ga motar da ke da jakar iska ba. Yana iya canza yadda gaban motar ke karɓar duka da lokacin da jakar za ta fashe, yana kuma tare iskar lagireto. Winci ma sai da bishiya a gabanka yake da amfani. Shebur, igiyar ja mai ƙarfi, faffaɗan katako na ɗora jak, da mota ta biyu a tafiyar, sun fi fitar da mutum daga taɓo. A ɗaura igiyar a ƙugiyar da ke jikin shasi. Kada a kuskura a rataya ta a ƙwallon jan tirela, in ya tsinke harsashi ne.

Yanzu rumfa. A yi ta da siririn faif mai kusurwa huɗu, a rufe da alminiyam ko tamfol mai kauri, ba farantin ƙarfe ba. A ɗaure ta da notuna a bakin bokiti da roba a tsakani, yadda mutum biyu za su iya sauke ta in za ka ɗauko siminti ran Litinin. Kada a yi walda a jikin shasi, kada a huda leɓensa na sama ko na ƙasa. In dole sai an yi walda a jikin motar, a cire kan batir tukuna saboda kwamfutar inji. Yaran shago sukan manta, kai ka tsaya a kai. Ƙofofin gefe masu ɗagawa sama sun fi amfani a kan tagogi, domin ba sai an rarrafa ciki ana neman butar shayi ba. Ƙura kuma ita ce abin da zai fi ba ka haushi. A hunturu, bayan awa ɗaya a kan burji, ka buɗe rumfar da ba a toshe ba, za ka tarar da ja-ja a kan komai: dardumar salla, murfin tukunya, har cikin ledar gari, in ka shafa yatsa a kan katifa sai ya bar layi. Maganinta biyu ne tare. A bi kafofin ƙofar bokiti da roba, sannan a buɗe 'yar ƙaramar kafa a saman rumfar mai kallon gaba, iska mai tsabta ta riƙa shiga tana tura ta ciki waje. Filtar iskar inji ma a riƙa cirewa ana kakkaɓewa, a tafi da sabuwa a ajiye.

Tantin kan rufi na mutum biyu ne ko uku, ku kuwa kun fi haka. Yana ɗaga nauyi sama inda ba a so, yana shan mai, kuma duk sanda za ka motsa motar sai ka naɗe shi. Babban tantin ƙasa mai ƙasan da aka ɗinke da zif mai lafiya ya fi muku, a haɗa da rumfar tamfol da ake ja daga gefen mota don inuwa da salla. Masu son na sama hujjarsu maciji ne, kuma ba ƙarya suke ba, arewa akwai kububuwa da kasa. Amma share wuri, rufe zif, sa takalmi mai rufi da dare, da zazzage shi da safe kafin a sa ƙafa, su ne kariyar. In tsautsayi ya faɗa, ba ɗauri ba tsaga ba tsotsa, a hana ƙafar motsi a nufi asibiti. Don haka tun da rana a san wane gari ne mafi kusa, a kuma juya kan motar ya kalli hanyar fita kafin a kwanta. Gidan sauro mai magani dole ne. A Mole akwai ƙudan tsando, kuma shuɗi da baƙin tufafi suke bi, sai a gaya wa Hajiya tun tana haɗa kayan yara. Kurfoti ko risho ba sa shiga tanti ko rumfa ko da sanyin Janairu ya kai ina, gubar gawayi ita ce dai ta salansa.

Wutar lantarki ba ta da wahala in an bi ƙa'ida. Batir na biyu mai 100Ah, da na'urar da ke raba shi da na tayar da mota in an kashe inji, don kada firji ya shanye ya bar ku da turi. Batirin ruwa rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, firji kuwa a zafin arewa yana iya cin kusan wannan rabin a yini guda, saboda haka faifan sola mai wat 120 zuwa 150 yana da amfani in za a kwana biyu wuri ɗaya. Waya mai kauri, fis a kusa da kan kowane batir, kuma duk inda waya ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Motocin da suka ƙone a daji da yawa daga nan wutar ta tashi, ko daga busasshiyar ciyawa da ta taru a jikin salansa. Abin kashe gobara ya zauna inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin buhun shinkafa ba. Ruwa kuma ka lissafa da alwala da wanke-wanke, kamar lita goma ga kowane mutum a yini. Galan huɗu sun fi tanki ɗaya: in ɗaya ya huje saura uku, ana iya ɗaukarsu zuwa famfo, kuma ba sa kai da komo da motar a kwana.

Farauta kuwa tafiya ce daban, kada ka haɗa ta da ta iyali. Mole gandun gwamnati ne, ba a farauta a ciki, ba a shiga da bindiga, zagayawa ma sai da ma'aikacin gandun. Haka Digya, da Kogyae da ke nan kusa da Ejura, da Bomfobiri wajen Kumawu, kuma iyakokinsu ba kullum ake ganin allo ba, mutum yana bin sawun gada sai ya tsinci kansa a ciki. Takarda biyu kake bukata: lasin bindiga daga 'yan sanda, wanda ake sabuntawa duk shekara, da lasin farauta daga sashen namun daji na Hukumar Gandun Daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a duk Gana, lokacin haihuwar namun ne. Gyazbi kaɗai, wato akrantie, aka bari, shi ma da lasin. Dokar 1971 ta hana farauta da hasken fitila, ta hana guba da tarkon ƙarfe, ta hana harbin uwa mai tafe da ɗanta. Don haka dogayen fitilun nan da ake jerawa a kan rufi, in shingen 'yan sanda ya gan su tare da bindiga, kai za ka yi ta bayani.

Abin da motar ke bukata don farauta kaɗan ne. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ɗaure da notuna a cikin rumfa, bindiga ta kwanta ciki babu harsashi, harsasai a wani akwatin daban nesa da zafi, makullai a aljihunka. Ba a ɗora bindiga mai harsashi a kujera, ba a harbi daga kan mota. Sai babban kula da ƙanƙara don nama, daban da firjin abinci, da tabarmar roba a ƙasan bokiti da za a iya ja waje a wanke, domin jini in ya shiga katako warinsa ba ya fita. Wuƙa mai kaifi a kugu, saboda abin da aka tarar da sauran rai sai an yanka. Kafin a shiga dajin kowa a je a gaida sarkin garin, a ɗauki ɗan gari. Yankin Ejura zuwa Afram akwai gonaki akwai shanun Fulani, kuma rikicin manoma da makiyaya a wajen Agogo ba ɓoyayye ba ne. Baƙuwar mota da mutane masu bindiga da magariba tana iya jawo abin da ba a shirya ba. Tafiyar dare ma a bar ta, ko ta Atebubu zuwa Yeji ko ta Kintampo zuwa Buipe, an sha jin labarin 'yan fashi.

Ga yadda zan jera maka aikin. Gyaran inji da ƙafa, sai taya, sai rumfa mara nauyi, sai batir. A nan ka dakata. Loda motar kamar za ku tafi, da mutane da ruwa, ka hau sikelin manyan motoci irin na masu sayen tsofaffin ƙarafa, a auna ta gaba ɗaya, a kuma auna ƙafar baya ita kaɗai. Sannan ku je bakin tafkin Bosomtwe, tafiyar da ba ta fi awa guda ba, ku kwana ɗaya. Hajiya ta riƙe takarda ta rubuta abin da aka nema aka rasa da abin da aka ɗauko ba a taɓa ba, durowa da kantoci a buga su a kan wannan takardar. Bayan tafiyar farko a kan burji kuma ka dawo da ita shago a bi notunan rumfa, na batir da na sifirin baya da sifana ɗaya bayan ɗaya, gargada tana kwance su ko da an ɗaure da kyau.